Kujerar Tanimu a Bayan Katanga

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗaliban Kulliyar Lugga, wato tsangayar harshen Larabci, tana da 'yan wasa goma sha tara, yawancinsu Hausawan Najeriya da Nijar ne da suka zo Alkahira karatun Larabci. Tana da riguna kore, da mai horarwa wanda shi ma ɗalibi ne, da magoya baya wajen arba'in masu ganga ɗaya da tuta biyu. Abin da ba ta da shi shi ne fili. Duk wasanninta na gasar kulliyoyi a wani filin matasa ake buga su, a gefen unguwar Arba wa Nus. Filin matsattse ne, gidaje sun kewaye shi, raga ɗaya ma kamar ta jingina da katangar gidan wani mutum. Ƙwallo mai kyau guda ɗaya ce, in ta tsallake katangar nan sai wasa ya tsaya har ta dawo. Alƙalin wasa kuma ba ya ƙara lokaci, domin ƙarfe biyar daidai wasu ke karɓar filin.

Shugaban magoya baya shi ne Ustaz Ma'azu, mutumin Zariya, mai rubuta kundin digiri na uku. 'Yarsa Huda shekararta goma. A Alkahira aka haife ta, Larabcin Masar ya fi zama a bakinta fiye da a bakin ubanta, kuma ba ta fashin zuwa kallo.

Ranar Asabar ɗin da za a sake karawa da Kulliyar Shari'a, Huda na ɗaura ƙyallenta kore a kan hijabi ta ji muryar Zainulabideen a falo. Shi ne mai kaɗa ganga, shi ne kuma mai kula da zauren magoya baya na waya. A zauren nan ake sanar da wasa, a nan ake sanar da suna da rashin lafiya da wanda zai tafi gida ya karɓi saƙo.

"Ustaz, da idona na gani," in ji shi. "Wancan karon muna ɗaya da nema, saura minti biyu, ƙwallo ta faɗa bayan katanga. Mun fara waƙar 'bar ta ta huta' ke nan, ko baiti ba mu ƙarasa ba, sai ga ta ta dawo. Suka yi bugun kwana suka rama."

"Fuskarsa ka gani?" in ji Ma'azu.

"Hannu na gani, da jaket mai ruwan ƙasa. Wa ke da irinta in ba Tanimu ba?"

Tanimu mutumin Maraɗi ne, dogo, marar yawan magana, ya girmi yawancin ɗaliban. Huda na kiransa Kawu, domin duk Sallah a gidansu yake cin tuwo.

"Shekara uku yana shiga motarmu," Zainulabideen ya ci gaba, yana lanƙwasa yatsu. "Bai taɓa sa kore ba. Bai taɓa tafi ba, bai san waƙa ko ɗaya ba. Ana busa usur sai ka neme shi ka rasa. Sannan ɗakinsu ɗaya da Isam, mai horar da Shari'a. Wannan shi ne magoyin baya?"

A'i, mahaifiyar Huda, ta leƙo daga kicin. "Ku tambaye shi mana."

"An tambaye shi, Maman Huda. Ya ce wai yana nan kusa. Wannan amsa ce?"

Ma'azu ya daɗe yana shafa gemu. "In an tashi wasa za mu zauna. In ya tabbata Isam ne ya ajiye shi a can, a cire shi daga zaure, a faɗa wa kowa dalili." Sannan ya kira Huda. "Za ki ce masa rana ta dame ki, na ce ki zauna wurinsa a inuwa. Ki duba gidan wa yake shiga, wa yake kira, wa yake kiransa."

"Abban Huda, yarinya za ku tura leƙen asiri?" in ji A'i.

"Namiji ba zai iya bin sa cikin gidan mutane ba. Ita za a bar ta."

"Abba, rana ba ta dame ni ba," in ji Huda.

"Za ta dame ki in an jima."

A cikin mikrobas, ƙaramar bas ɗin da ke kai su, Huda ta zauna bayan Tanimu tana kallon ƙeyarsa. Ana ta waƙa ana buga jikin mota, shi kuwa yana kallon titi. Ta tuna cewa wanda aka cire daga zaure bara, saboda wata rigima, sai da matarsa ta haihu aka yi suna babu kowa sai mutum huɗu.

Da suka sauka ta faɗa masa abin da aka ce ta faɗa. Ya dube ta, ya dubi ubanta da ke can yana gyara tuta yana satar kallonsu.

"To, zo," in ji shi. "Inuwa akwai."

Suka bi wani lungu da ya zagaya bayan filin, har wata ƙofar ƙarfe shuɗiya. Kafin ya ƙwanƙwasa ya nuna wuyanta.

"Cire ƙyallen nan ki sa a jaka."

"Me ya sa, Kawu?"

"Ba a shiga da kore."

Ta cire, ta riƙe maganar a ranta, wannan shi ne abu na farko da za ta kai wa Abba.

Tanimu ya ƙwanƙwasa sau uku, ya ɗaga murya ya ce, "Ya Satir," kamar yadda mazan Masar ke yi don mata su kintsa. Ya jira har aka amsa daga ciki kafin ya tura ƙofar.

Tsakar gida ce doguwa. Ta hagu akwai kejin tattabaru a jere, da tsani mai hawa zuwa wani ɗakin katako a saman rufi. Ta dama an rataya babban zanen gado a igiya, ya raba tsakar gidan biyu, daga bayansa ana jin muryoyin mata. Wani tsoho cikin jallabiya yana saman tsanin da sanda mai ƙyalle a kai. Shi ne mai gidan, Ammu Ragab.

"Wannan fa?" ya tambaya da Larabci, yana nuna Huda da sandar.

"'Yar ustazunmu ce. Rana ta dame ta."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi sama, inda gajimare ya rufe ranar tun safe. Ya koma kan tattabarunsa.

Akwai kujerar roba guda ɗaya, an ɗaure ƙafarta ɗaya da waya, tana fuskantar katanga. Tanimu ya zauna a kanta, bayansa ga zanen gadon. Babu abin gani a gabansa sai bulo. Huda ta zauna kan wani bokiti da aka kife. Daga can aka busa usur, ganga ta ɗauka.

Minti goma suka wuce. Huda na kallon aljihun da wayarsa take.

"Ɗan bayanmu Muslim ne ya karɓe ƙwallon," in ji Tanimu a hankali, kamar da kansa yake.

"Ya aka yi ka sani?"

"Kin ji ƙara biyu? Shi kaɗai ke taɓa ta sau biyu kafin ya bayar. Ya ƙi daina wannan hali."

Huda ba ta yarda ba. Ta ɗauka ko akwai abin da aka maƙala masa a kunne. Ta zagaya ta duba kunnuwan biyu, babu komai. Sai ta hango wata kafa a gindin katanga, wadda ruwan wanki ke fita ta ciki. Ta durƙusa ta kara ido. Ƙafafu kawai ake gani da ƙura, amma ta san takalman kowa.

"Yanzu wa ke da ita?" ta tambaya.

"Nasu ne, mai nauyin nan na tsakiya. Zai buga ta sama. Ya buga. Gola ya kama."

Haka aka yi. Ta gwada shi sau biyar, ya kuskure sau ɗaya. A rabin farko ƙwallon ta tsallako sau biyu. Duk sau biyun, kafin ta taɓa ƙasa ya miƙe ya cafe, ya jefa ta da hannu ɗaya, ya koma ya zauna. Tattabarun ko motsi ba su yi ba.

Ana tafiya hutun rabin lokaci wayarsa ta yi ƙara. Huda ta miƙa wuya ta karanta sunan: Isam. Tanimu ya ɗauka, ya rage murya.

"Yana wurin bawwab, mai gadin gida. A'a, na ƙasa. Khalas, shi ke nan, sai an tashi."

Ya mayar da wayar aljihu, ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Makullin ɗaki ne. Ki faɗa yadda kika ji."

Kunya ta kama Huda, amma ta riƙe wannan ma. Ta taɓa ji a makaranta cewa masu leƙen asiri sukan ce makulli alhali wani abu suke nufi.

Aka ɗaga gefen zanen gadon, wata mata mai ƙiba ta yafito ta. Matar Ammu Ragab ce, ana kiranta Ummu Fatna. A bayan zanen ita da 'yarta Fatna suna tsinke ganyen lalo a faranti, kawunansu babu ɗankwali, hannayen riga a naɗe. Aka zuba wa Huda shayi da na'a-na'a.

"Aiko ki aka yi ko?" in ji Ummu Fatna.

Huda ta sunkuyar da kai.

"Ba komai, ai ni ma uwa ce. Sha shayinki." Ta ci gaba da tsinkar ganye. "Shekara uku da suka wuce, ina wanki a nan, da rigar barci, kaina a buɗe. Ƙwallo ta faɗo. Kafin in miƙe, samari bakwai sun diro ta katanga, duk da koren riga. Ɗaya har ya taka min kwano. Ragab ya ɗauko wuƙar yanka tattabaru. Washegari ya tafi wurin shugaban filin, aka rubuta takarda za a kori ɗalibanku gaba ɗaya."

"To me ya hana?"

Matar ta nuna zanen da haɓa. "Wancan dogon. Kwana tara yana zuwa yana tsayawa a ƙofa, Ragab na zaginsa. A na goma ya bar shi ya shigo. Suka yi sharaɗi: mutum ɗaya, kujera ɗaya, fuska ga katanga. Ƙwallo kuma ba ta kwana, tana faɗowa tana fita, domin in ta daɗe sai ka ga kawuna a saman katanga. Ranar da kai ɗaya ya leƙo, takardar na nan a akwati." Ta dubi Huda ido cikin ido. "Waɗanda suka san zancen duk sun gama sun tafi ƙasarku. Shi ma mun rantsar da shi. Kada ki kai wa maza yadda aka same ni, kin ji?"

"Na ji, Tante," in ji Huda, wato gwaggo a bakin yaran Masar.

Da ta koma kan bokitinta an riga an dawo wasa. Yanzu ragar Lugga ce a jikin katanga, ana jin golansu yana yi wa 'yan baya tsawa. Can wajen minti ashirin sai aka ji wani bugu mai kauri daga nesa, aka yi shiru na ƙiftawar ido, sannan filin ya ɗauki ihu, ganga ta haukace.

Tanimu ya miƙe tsaye. Bai yi ihu ba. Ya dunƙule hannu biyu ya danna a ƙirji, idonsa a rufe.

"Ƙafar hagu," ya ce a hankali. "Sada ne. Alhamdu lillahi."

"Kawu, ka yi ihu mana."

"Tattabaru na kan ƙwai."

Ya zauna. Yana ta duba agogon hannunsa. Biyar saura kwata. Saura goma. Shari'a sun taso gaba ɗaya, ƙarar takalma ta dawo jikin katanga, har ƙura na shigowa ta kafar ruwa.

Biyar saura minti uku wani ɗan baya ya ɗauke ƙwallon da ƙarfi. Ta tsallako can sama, ta wuce hannun Tanimu, ta bugi igiyar shanya, ta gangara ta ƙarƙashin zanen gadon zuwa wajen mata.

Tanimu ya tsaya cak, fuskarsa ga katanga. "Huda, miƙo min."

Ta ruga ta ɗaga zanen. Ƙwallon na jikin farantin lalo. Ta ɗauke ta. A daidai lokacin waƙar ta tashi daga filin, ganga na biye, muryar Abbanta a kan ta kowa: "Bar ta ta huta, bar ta ta huta."

Huda ta san waƙar tun tana goye. Ta san minti uku ba su da yawa. In ta riƙe ƙwallon ta ƙirga ɗari biyu a hankali, an ci wasa, Abba zai ɗaga ta sama a gaban kowa, babu kuma wanda zai sake cewa komai game da Kawu Tanimu. Ta ƙanƙame ta a ƙirji.

"Huda," in ji Tanimu. Bai juyo ba.

Daga filin 'yan Shari'a na ihu, "Yalla, yalla, ƙwallo." Sai ta ga yatsu huɗu sun kama saman katanga, sannan wasu huɗu. Ana jin takalmi na kartar bulo. Fatna ta fisgi tawul ta rufe kai. Ummu Fatna ba ta motsa ba, ta dai zuba wa Huda ido, hannunta cike da ganye. A sama, tsanin ya fara ƙara, Ammu Ragab na saukowa.

Huda ta mirgina ƙwallon ta ƙarƙashin zanen. Tanimu ya duƙa ya ɗauka, ya jefa. Yatsun suka ɓace.

Suka tsaya suna saurare. Usur. Bugun kwana. Wani ɗan ƙaramin sauti, ba irin na takalmi ba. Sai ihu ya tashi daga ɓangaren da ba nasu ba, gangar Zainulabideen ta tsaya.

"Da kai ya sa ta," in ji Tanimu. "Muslim bai tashi ba." Ya zauna a kujerar, ya sa fuska cikin tafin hannu, ya daɗe a haka. Ammu Ragab ya tsaya a tsakiyar tsanin yana kallonsa.

"Ma'alish, yi haƙuri," in ji tsohon, ya koma sama.

A bakin ƙofar filin aka yi zaman, ana tsaye. Magoya baya suka yi da'ira, Tanimu a gefe ɗaya, hannayensa cikin aljihun jaket. Ma'azu ya jawo Huda tsakiya.

"Faɗi abin da kika gani. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Ta ce an sa ta cire kore a ƙofa. Aka yi gunaguni. Ta ce Isam ya kira a hutun rabin lokaci, an yi maganar makulli.

"Makulli," in ji Zainulabideen, yana gyaɗa kai ga mutane. "Kun ji ko?"

"Wa ya dawo da ƙwallon ƙarshe?" in ji Ma'azu.

"Ni na ɗauko. Na miƙa masa."

Ma'azu ya saki hannunta. "Ba ki ji waƙa ba?"

"Na ji, Abba."

"To don me?"

Huda ta tuna idon Ummu Fatna. Ta zaɓi abin da za ta iya faɗa. "Akwai mata a gidan. Kuma an fara hawa katanga."

Wasu suka sunkuyar da kai. Zainulabideen ya duƙo wajenta. "An ba ki wani abu a gidan, Hudalle?"

"Shayi."

"To ka ji, Ustaz. Shayi."

Ma'azu ya juya. "Malam Tanimu, kana da abin cewa?"

"Yarinya ta faɗa," in ji Tanimu. "Sauran ba nawa ba ne."

"Sauran me?" in ji Zainulabideen. "Kun ga irinta ko? Kullum akwai saura."

Ma'azu ya dubi katangar, ya dubi 'yarsa, ya daɗe.

"A ɗage maganar," ya ce.

"Har yaushe?"

"Har in je in gaida mai gidan."

"In an ɗage, ni dai idona na kansa," in ji Zainulabideen, ya saɓa gangarsa.

A mikrobas babu waƙa. Tanimu ya zauna a kujerar ƙarshe, aka bar gefensa babu kowa. Huda ta ratsa ta je ta zauna a wurin. Ubanta ya waiwayo sau ɗaya, bai kira ta ba.

Da suka sauka, ita da Abbanta suka tsaya wurin mai burodi. Suna jiran a fito da mai zafi ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Daga inda yake zaune, ana hango filin?"

"A'a. Bulo kawai."

"To ƙwallon da Sada ya ci, ya ya yi?"

"Ya tashi tsaye. Ya ce da ƙafar hagu ce."

Ma'azu ya juyo ya dube ta. "Da hagu ya ci?"

"Ai kai kana wurin, Abba."

"Na juya ina ba da waƙa a lokacin," in ji shi. Ya ciro waya, ya nemi lambar Sada, ya tsaya yana kallonta bai kira ba. Aka miƙo burodin, ya ba ta ta riƙe.

Suna tafiya gida, burodin na ƙona mata hannu, Huda ta gane cewa shekara uku Kawu Tanimu bai ga wasa ko ɗaya ba, domin su su samu filin da za su gani.